Yadda na koma neman aikin da na taɓa ƙi

A farkon 2023 wata makarantar kuɗi a Kano ta ba ni aikin koyar da lissafi, na ƙi, saboda na samu mai albashi mafi tsoka a Abuja. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayu. Kuɗin mota daga Mararraba zuwa cikin gari ya riƙa cinye albashin, na tattara na dawo gida.

Da suka sake neman malami, na tura takarduna ta imel. Mako uku shiru. Nan na gane kuskurena: na rubuta kamar baƙo, alhali sun san ni sarai.

Sai na wanke ƙafa na je. Na tarar da shugabar makarantar tana duba rajista, tabarau a karan hanci. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, ni ne na ƙi aikinku bara. Albashi na bi, kuma ban kyauta ba da ban zo na yi bayani ba."

Ta ɗago. "Malam, in Abuja ta sake kira fa?"

Na ce zan sa hannu kan shekara biyu. Ta sa na yi darasin gwaji na minti 40. Ranar Litinin na kama aiki.