Yadda na sa kyautar origami ta daina lalacewa

Tsuntsayen takarda masu dogon wuya irin na gauraka, waɗanda nake naɗewa da fasahar origami ta Japan domin in ba 'yan uwa da abokai kyauta, ba sa daɗewa a hannun masu su. Fukafukan kan saki, wuyan ya karkace, musamman da damina lokacin da laima ta yi yawa.

Matsalar daga takardar take. Wadda aka saba amfani da ita, mai faɗin santimita 15, ba ta da kauri, tana da daɗin naɗi amma ba ta riƙe siffa. Saboda haka na koma ga dabarar da gwanin origami Akira Yoshizawa ya ɓullo da ita, wato naɗi da takarda mai ɗan danshi. Na samo takardar zane mai kauri, na yanke ta kusurwa huɗu daidai wa daida, sannan na goge fuskokinta biyu da tsumman da na matse sosai, har ta yi laushi ba tare da ta jiƙe ba, domin idan ruwan ya yi yawa takan yage a kan layin naɗi. Dole a yi aikin da hanzari kafin ta bushe. Na matse gindin fukafukan da abin maƙale shanya, na bar su suka kwana, da safe sai na tarar sun ƙame yadda na lanƙwasa su.

Ambulan kuma na daina sa tsuntsayen a ciki gaba ɗaya idan zan aika da su, domin yana danne su. Yanzu ƙaramin kwali nake amfani da shi, in shimfiɗa auduga a ƙasa yadda tsuntsun ba zai motsa ba a hanya.