Inda sababbin marubuta suke tuntuɓe wajen neman labari

Na gaji da jin magana guda daga bakin masu fara rubutun ƙagaggen labari: "Ina so in rubuta, amma ban sami abin rubutawa ba." Wani kuma ya zo da akasin haka, ya ce kansa cike yake da labari, ka buɗe abin da ya rubuta ka bi shafi goma ba ka ga labarin ba. Na biyun nan ya fi ban tausayi, domin bai san ba shi da komai a hannu ba. Da shi zan fara.

Ka tambaye shi me labarinsa ya ƙunsa, ya ce, "A kan illar cin amana ne," ko "A kan ribar haƙuri ne." Wannan jigo ne, kuma babu wanda ya taɓa hana idonsa barci don ya ga yadda illar cin amana za ta ƙare. Abin da ke riƙe mai karatu har asuba shi ne wani mutum takamaimai, mai son wani abu takamaimai, ga kuma abin da ya tare masa hanya. A ce wani akawu ne ya gano cewa maigidan da ya ɗauke shi aiki a lokacin da kowa ya guje shi, shi ne ke kwashe kuɗin ma'aikata, kuma gobe da safe ake so ya sa hannu a takardar da za ta rufe asirin. A nan akwai amana, akwai tsoro, akwai halacci, amma ba su aka fara kamawa ba. Akawun aka kama, su kuma suka biyo shi da kansu.

Wannan kuskure ya taɓa cinye mini littafi sukutum, shi ya sa nake jin zafinsa. Da darasi na fara. Duk wanda na ƙirƙira sai ya zama bawan darasin: mugu yana mugunta don kawai a hukunta shi a babin ƙarshe, mai haƙuri yana kuka don a saka masa da alheri. Babu mai ikon ba ni mamaki a cikinsu. Ina kai tsakiya labarin ya mutu a hannuna, saboda tun shafin farko na san inda za a ƙare, kuma duk mai karatu mai hankali da ya sani. Tun daga nan nake yi wa kowane labari tambaya uku a kan takarda kafin in buɗe babi na ɗaya. Wane ne? Me yake so har zai iya yin abin kunya a kansa? Me zai rasa idan ya same shi? Ta ukun na fi damuwa da ita, domin buƙatar da ba ta da hasara a tattare da ita ba ta kai labari ko'ina. In ban iya amsa su a layi biyu ba, sai in ajiye. Na san marubutan da ke faɗawa rubutu kai tsaye su gano amsoshin a hanya, kuma yana yi musu. Ni dai ba ya yi mini.

Sai masu zaman jiran ilhama. A 1926 wani masani ɗan Birtaniya, Graham Wallas, ya kasa hanyar da sabon tunani ke bi gida huɗu: shiri, sannan a bar abin ya kwanta a zuciya, sannan haske ya faɗo, sannan a tantance. Masu koyo mataki na uku suke so, ba tare da sun taka na farko ba. Ko labarin da aka fi kafa hujja da shi a kan saukar ilhama, in ka duba shi da kyau, shirin yana nan. A 1816, a bakin tafkin Jeniba a ƙasar Suwizalan, ruwan sama ya tsare marubuciya Mary Shelley da abokan zamanta a ɗaka, mawaƙi Lord Byron da ke cikinsu ya kawo shawarar kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Ta yi kwanaki ba ta sami komai ba. Sai da ta zauna tana sauraron doguwar hira a kan asalin rai da ko za a iya motsa gawa da lantarki, sannan hoton ya zo mata da dare. Shi ne ya zama littafinta Frankenstein, wanda ya fito a 1818. Ta saurara, ta damu, ta kwana da abin a rai. Kai me ka zuba a kanka a wannan makon, da kake jiran wani abu ya fito?

Yanzu kuma bari in yi faɗa, don abin da ke tafe yana ƙona mini rai. Za ku karanta littafi ɗaya da ya yi tashe, sai ku taru ku rubuta shi sau ɗari da sababbin sunaye. Attajiri mai taurin kai, yarinya matalauciya mai tsiwa, muguwar mace da aka ajiye a gefe don ta raba su. Kowa na jefa guga a rijiya ɗaya har ruwan ya koma laka, sannan a ce masu karatu ne suka canza. Ba su canza ba, gajiya suka yi. In na tambayi irin wannan marubuci me ya karanta a watan da ya wuce, sai ya lissafo mini littattafai irin wanda yake rubutawa, babu ko ɗaya daban. To daga ina sabon abu zai zo? Ka karanta tarihi. Ka karanta rahoton shari'a a jarida, inda mutane ke faɗin abin da ba za su faɗa a ko'ina ba. Ka zauna da mai wata sana'a da ba ka sani ba, ka tambaye shi abin da ya fi tsoro a aikinsa, ka yi shiru ya gama. Ni al'adata, ko da yaushe akwai littafi ɗaya a hannuna wanda ba labari ba ne, kuma yawancin abin da na taɓa rubutawa mai ɗan armashi daga can ya fito.

Kada kuma wani ya ji wannan ya zame zuwa ɗaya gefen, ya ce ba zai rubuta komai ba sai abin da ba a taɓa ji ba a duniya. Babu shi. A 1895 Georges Polti na Faransa ya lissafa yanayi 36 da ya ce duk wasan kwaikwayo a kansu yake juyawa. A 1928 Vladimir Propp na Rasha ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsa ya fitar da matakai 31 da suke ta maimaituwa. Ba sai ka yarda da lissafinsu ba, ni ma ina ganin Polti ya matsa wa wasu labaran don su shiga ma'auninsa, amma sun nuna cewa ƙashin labari tsoho ne. Shakespeare daga littafin tarihin da Holinshed ya rubuta ya ɗauko wasan kwaikwayonsa Macbeth. Abubakar Imam ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya gina Magana Jari Ce, kuma ba wanda zai karanta ya ce ba nasa ba ne. Daniel Defoe ya san labarin Alexander Selkirk, matuƙin jirgin ruwan da ya yi shekara huɗu da 'yan watanni shi kaɗai a wani tsibiri a tekun Fasifik, amma da ya zo rubuta Robinson Crusoe a 1719 sai ya mayar da zaman shekara 28, ya cika shi da tambayoyin da ke damun shi kansa. Aro ke nan. Wanda ya canza suna kawai ya bar komai yadda ya same shi, satar fasaha ya yi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon bayani. Tunani ya zo maka kana kan hanya, ka ce za ka tuna in ka isa. Ba za ka tuna ba, rubuta shi a waya nan take, ko ka naɗi muryarka. Mafarki kuma ka ɗauki hoto ɗaya daga cikinsa ka bar sauran, don abin da ya girgiza ka cikin barci shirme ne a kunnen wani. Abin da ya fara faɗo maka a rai, shi ne zai fara faɗo wa kowa, saboda haka nakan tilasta wa kaina rubuta hanyoyi da dama da al'amari zai iya bi, in watsar da na farko-farkon. Haka ma in ka tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka abin rubutawa, abin da aka fi yawan rubutawa za ta miƙo maka, domin a kansa aka horar da ita.

Masu ɓoye labarinsu don tsoron sata, ku kwantar da hankali. Dokar haƙƙin mallaka ma rubutun da aka yi take karewa, ba tunanin da ke kai ba, kuma in aka ba mutum biyu tunani guda littafi biyu za su rubuta. Amma ni ba na ba da labarina da baki kafin in rubuta, saboda wani dalili daban: da zarar na ga fuskar mai sauraro ta motsa, na riga na karɓi ladan, sai zumuɗin zaman rubutu ya tafi.

Kada ka kwashi sirrin ɗan'uwanka ɗungurungum ka zuba a littafi. Ka ɗauki abin da ya ji, ka canza komai da za a gane shi da shi.

Akwai kuma sabon tunanin da ke zuwa kana tsakiyar wani littafin, daidai inda aiki ya yi tauri. Kullum ya fi wanda ke gabanka kyau, saboda ba ka fara shan wahalarsa ba tukuna. Ina da littafin rubutu daban domin irinsu. Nakan ba shi shafi ɗaya, in sa kwanan wata, in rufe, ba na komawa sai na gama wanda nake kai. Yawancinsu in na koma sai in tarar jigo ne kawai babu mutum a ciki, in ja musu layi in wuce zuwa na gaba.