Darasi na 9: Hilux ko Land Cruiser?

Karatu

A ce ƙungiyarku ta manoma ta yi shekara uku tana tara kuɗi. Kun gaji da jiran motar haya ranar kasuwa. Kun gaji da ganin tumatir yana ruɓewa a bakin gona domin direba ya ce hanyarku ba ta biyuwa. Yanzu kuɗi sun taru, an amince a sayi mota mai buɗaɗɗen baya, mai shan gas, mai jan ƙafa huɗu. Dillali ya nuna muku guda biyu, duka ƙirar kamfanin Toyota na ƙasar Japan: ɗaya Hilux, ɗaya Land Cruiser 79. Shugaba ya ce a ɗauki Land Cruiser, ita ce motar manya. Ma'aji ya ce a'a, Hilux ta fi sauƙin kuɗi. Aka yi ta ja har magariba.

Kafin mu shiga gardamar, mu gane kalmomi biyu. Gas shi ne man da manyan motoci da injin niƙa suke sha. Wasu suna cewa dizal, a Nijar kuma gazuwal. Ku lura da wannan sosai, domin Hilux da yawa da ke yawo a Nijeriya fetur suke sha. Kada a sayar muku da mai fetur kuna zaton mai gas ce. Jan ƙafa huɗu kuwa yana nufin injin zai iya juya tayoyi huɗu a lokaci guda. A kusa da giya akwai ƙaramar sanda ko maɓalli da aka rubuta wa H2, H4 da L4. H2 ta kwalta ce, tayoyin baya kaɗai suke ja. H4 ta yashi da taɓo ce. L4 ta wurin da mota za ta yi rarrafe da ƙarfi, kamar hawan gaɓar rafi da kaya. Ba a tafiya da H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta, yin haka yana cin taya, yana gajiyar da giya.

Dukansu tsofaffin hannu ne. An fara ƙera Hilux a 1968, jerin Land Cruiser 70 kuma, wanda 79 ta fito daga cikinsa, ya fara a 1984. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a cikin hamada a kan irin waɗannan motoci, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota. Saboda haka ba a tambayar wacce ce mai ƙarfi. Abin tambaya shi ne wace hanya za ta bi, wane mai za ta sha, wa zai gyara ta.

Injin

Nan ne babban bambancin yake, don haka mu tsaya.

Yawancin Land Cruiser 79 masu gas da ake gani a ƙasashenmu suna da injin da ake kira 1HZ. Silinda shida ne, girmansa lita 4.2, ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. An fara yin sa a 1990. Famfon da ke tura masa mai na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Ba shi da gudu. Idan kuka loda masa kaya kuka nufi hawa, zai tafi kamar raƙumi, a hankali, amma zai kai. Kuma yana da haƙuri da man da bai cika tsabta ba.

Hilux ta zamani mai gas silinda huɗu ce mai turbo. Waɗanda aka yi kafin 2015 sukan zo da injin lita 2.5 ko 3.0, sau da yawa da rubutun D-4D a jiki. Daga 2015 aka koma lita 2.4 da 2.8. Ƙananan injuna ne, amma yawancinsu sun fi 1HZ zafin nama, kuma sun fi shi tattalin mai. Kwamfuta ce ke auna man da zai shiga, ta feso shi da matsi mai tsanani ta wasu ƙofofi ƙanana kamar tsinin allura, a bakin abin da makanikai ke kira nozul. To, a nan gizo ke saƙar. Idan a garinku babu gidan mai, sai gas na jarka a bakin hanya, wanda wani lokaci akwai ruwa ko ƙasa ko kananzir a ciki, nozul ɗin nan ba za su daɗe ba. Guda huɗu ne, kuma kuɗinsu ba wasa ba ne. Akwai wata Hilux mai injin 5L-E, lita 3.0 marar turbo, wadda ta fi sauran sauƙin sha'ani. Idan kun ci karo da mai lafiya, ku dube ta da kyau.

Hanya da kaya

Ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin gaban kowace mota. A Land Cruiser za ku ga ƙarfe ɗaya mai kauri ya haɗa tayar dama da ta hagu. Wannan yana jure duka a kan duwatsu da ramuka, sai dai yana jijjiga mutum har ƙugu ya yi ciwo. A Hilux kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai. Tafiyarta ta fi laushi, amma gaɓoɓinta sun fi yawa, kuma a muguwar hanya su ne suke fara kuka.

Wajen kaya kusan ɗaya suke, wajen tan ɗaya, har da nauyin mutanen ciki. Wato buhun masara mai kilo 100 kamar guda tara ko goma. Na san ana loda ashirin, har da fasinja a sama. Land Cruiser takan daɗe tana jure wannan zalunci fiye da Hilux, amma ita ma wata rana sifirin zai karye.

Tankin Hilux yana cin kusan lita 80. Wasu Land Cruiser 79 masu gida ɗaya, wato marasa kujerun baya, suna da tanki biyu, kowanne lita 90. Ga mai ratsa Tenere daga Agadez zuwa Dirkou, wannan maganar rai ce. Ga mai kai albasa kasuwar da ke kilomita 60, bai ƙara masa komai ba.

Hira da makanike

Ma'aji ya tafi garejin garinsu.

"Sannu da aiki, Malam. Shawara na zo nema. Hilux ko Land Cruiser?"

"Yawwa, Alhaji, sannu da zuwa. A ina za ku riƙa shan mai?"

"A gidan man bakin titi, hanyar kasuwa."

"To, da sauƙi. Hanyar fa?"

"Rabi kwalta, rabi burji. Da damina akwai rafi ɗaya."

"Hilux ta ishe ku. Kayanta suna nan birjik a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Amma in faɗa maka gaskiya, ranka ya daɗe, idan fitilar injin ta kama, ni ba ni da na'urar da ake jona mata. Sai kun kai ta birni. Land Cruiser kuwa, ko a gindin bishiya zan kwance ta in ɗaure."

Ni ma ra'ayina ke nan. Ƙungiyar da ke da gidan mai a kusa, kuma rabin tafiyarta a kan kwalta ne, ta ɗauki Hilux, ta ajiye rarar kuɗin don taya da gyara. Wadda ke can cikin yashi ko duwatsu, nesa da birni, tana shan man jarka, ta daure ta sayi Land Cruiser ko da ta fi tsufa.

Ranar duba mota

Ku je da sassafe, da makanikenku, ba na mai mota ba. Ku taɓa injin. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ku zo, ku ce za ku dawo gobe. Injin gas mai lafiya yana tashi da sanyinsa ba tare da doguwar wahala ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bayan salansa. Baƙin hayaƙi mai yawa alamar nozul ne ko toshewar filtar iska. Shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ku ji tsoronsa. Ku buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki: idan yana huci da hayaƙi kamar tukunya, injin ya gaji.

Ku kai ta cikin yashi ku sa L4, ku ga ko tayoyin gaba suna ja da gaske. A Land Cruiser da yawa sai an sauka an murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba zuwa inda aka rubuta LOCK. Ku bi shasi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, da fitila kuna neman walda. Ku tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin sassan cikin injin, domin 1HZ da injunan Hilux na lita 2.5 da 3.0 duk da bel suke aiki, kuma idan ya tsinke a kan tafiya yana iya lalata injin. Daga ƙarshe, wanda ya fi iya karatu a cikinku ya karanta lambar shasi harafi bayan harafi, wani yana bi a takardar kwastan da takardar mallaka. Harafi ɗaya ya saɓa, ku riƙe kuɗinku.

Lissafi

Ga yadda ake gane shan man mota. A cika tanki, a rubuta lambar kilomita. A yi tafiya, a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka yi.

Mu ɗauka, don misali, Hilux ta sha lita 10 a kilomita 100, Land Cruiser ta sha lita 14. Kasuwa tana da nisan kilomita 50, zuwa da dawowa 100. Kuna zuwa sau 8 a wata.

1. Lita nawa Hilux za ta sha a wata?
2. Lita nawa Land Cruiser za ta sha?
3. Tambayo kuɗin litar gas a garinku yau. Nawa ne bambancin kuɗin man motocin biyu a shekara?

Aikin rubutu

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: injin, shasi, nozul, tanki, kwastan.

Sannan ka rubuta jimla huɗu a kan hanyar garinku: kwalta ce ko burji ko yashi, ina gidan mai mafi kusa, kuma wace mota makaniken garinku ya iya gyarawa. Ka kawo a mako mai zuwa mu karanta tare.