Kurakuran da aka fi yi wajen sauya adireshin sabar idan an kawo sabuwar na'ura

Rubuta sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa, a cikin sabar (kwamfutar da sauran na'urori ke dogaro da ita) ba ya cin minti biyu. Abin da ke cin kwanaki shi ne nemo duk inda aka ajiye tsohon. Adireshin sabar kamfani tamkar lambar wayar ɗan kasuwa ne, amfaninta yana cikin wayoyin abokan cinikinsa, kuma ba ya sanin yawansu sai ranar da ya canza layi.

Shi ya sa babban kuskure shi ne fara aiki ba tare da an lissafa masu dogaro da sabar ba. A ce ta shekara biyar tana zaune a 192.168.1.10. A tsawon lokacin nan wani ya saka lambar a firintar da ke tura takardun da aka yi sikanin, wani ya saka ta a manhajar kashiya, rauta kuma, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, tana tura mata duk abin da ya shigo ta ƙofa 443, wadda shafukan intanet masu tsaro ke bi. Akwai ma wanda ya cusa ta cikin fayil ɗin hosts, mai haɗa sunaye da adireshi, na kwamfutar akantan kamfani, ya bar aiki tun bara, babu wanda ya sani. Maganin wannan yana jikin tsohuwar sabar tun tana aiki: ka buga netstat -an a Windows, ko ss -tn a Linux, ka ga su waye ke haɗuwa da ita. Kada ka duba sau ɗaya ka ce ka gama. Aikin kwafe bayanai da dare yake tashi, manhajar albashi kuwa sai ƙarshen wata take leƙowa. Duk inda ka tarar da lamba, idan manhajar ta yarda, ka maye ta da sunan sabar, don kada a sake wannan wahala nan gaba.

Sai batun DNS, tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa adireshinta, inda har ƙwararru ke tuntuɓe. Kowane suna yana da TTL, wato tsawon lokacin da aka yarda sauran na'urori su riƙe amsar da suka samu ba tare da sun sake tambaya ba. Idan an sa shi 86400, daƙiƙoƙi ke nan, awa 24 cif. Mutane da yawa sun san ana rage shi zuwa 300, amma sai su rage shi a daren da za su yi sauyin. Aikin banza ne, domin waɗanda suka karɓi tsohuwar amsa da rana za su ci gaba da riƙe ta har gobe. Ka rage shi aƙalla kwana guda kafin ranar, kwana biyu ya fi kwanciyar hankali, ka mayar da shi yadda yake bayan komai ya daidaita. Umarnin ipconfig /flushdns kuwa, mai goge amsoshin DNS da aka riƙe, kwamfutar da ka buga shi a kanta kaɗai yake wankewa.

Wasu sukan ce to a ba sabuwar na'ura tsohon adireshin, a huta. A ganina sau da yawa wannan ce hanya mafi sauƙi, sai dai tana da nata tarkon. Sabuwar na'ura tana da adireshin MAC nata daban, wato lambar katin sadarwarta, rauta kuma ta haddace tsohon a teburinta na ARP, inda take haɗa kowane IP da MAC ɗinsa. A rautocin Cisco, idan ba a taɓa saitin ba, haddar nan tana iya kai awa huɗu. Sai ka ga sabar tana lafiya ƙalau amma ba a samunta daga waje. Ka share teburin ARP a rautar. Idan kuma ta DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa, aka keɓe wa sabar adireshinta, ka sabunta MAC ɗin a can. Sannan ka zare kebul ɗin tsohuwar tukuna. Na'ura biyu a adireshi ɗaya suna haifar da matsala mai zuwa tana tafiya, irin wadda ke sa a zargi kamfanin intanet alhali ba shi da laifi.

Kada ka sauya adireshi daga nesa sai da hanyar komawa. Kuskuren lamba ɗaya a adireshin ƙofar fita, wato adireshin rautar da sabar ke bi ta fita waje, ya isa ya rufe ka a waje, sai ka nemi mai makullin ofis da tsakar dare. A Ubuntu, wani nau'in Linux, umarnin netplan try yana mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120 idan ba ka tabbatar ba. Ka kuma lura sunan katin sadarwa yana canzawa da na'ura, wanda yake eno1 a tsohuwa yana iya zama enp3s0 a sabuwa, don haka kwafo fayil ɗin saiti yadda yake ba zai yi ba.

Idan sabar tana aika imel kuma adireshinta na waje ya canza, a gyara SPF, jerin adireshin da aka yarda su aika imel da sunan kamfani, a kuma nemi kamfanin da ya ba da adireshin ya saita PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, don wannan ba a hannunka yake ba. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta wa masu aikawa zuwa Gmail su kasance da PTR mai inganci tare da SPF ko DKIM (sa hannun lantarki a kan imel), in ba haka ba takardun neman biya sai su maƙale a hanya.

Tsohuwar sabar kuma kada a yi saurin goge ta. A ajiye ta a gefe, kebul a zare, har sai an biya albashin wata guda ta kan sabuwar.