Rumfa a Sahara: kurakuran da muke ta yi har iska ta koya mana hankali

Rumfar farko da na taɓa kafawa a hamadar Tenere ta Nijar ko minti arba'in bata yi a tsaye ba. Daga Agadas muka taso za mu Dirku, motar ta lalace wajen ƙarfe goma na safe, direba yace babu mai taɓa injin nan sai rana ta yi sanyi. Toh ni da wani yaro muka zaro sabon tamfol shuɗi da na sayo a kasuwa, muka kafa dogayen sanduna huɗu muka ɗaure shi can sama kamar rumfar ɗaurin aure, har muna yiwa mutane kirari su shigo inuwa. Muna zama sai iska ta zo ta cika shi fam, turke ɗaya ya tumɓuke ya wuce ta gefen kunnen yaron nan, sauran suka bi, sai gamu muna bin tamfol da gudu cikin rairayi mai zafi kamar garwashi. Akwai wani dattijo Buzu a motar, ko kallonmu bai yi ba, bargonsa ya jawo ya ɗaure gefe ɗaya a jikin mota, ɗaya gefen ya binne a yashi ya shige ƙarƙashi ya kwanta abinsa har la'asar.

Tun ranar na gane inda matsalar take. Mu 'yan gari idan za mu kafa rumfa rana muke tunani, alhali a Sahara iska ce za ta kayar maka da ita, kuma yawancin kurakuran da zan faɗa daga nan suke fitowa.

Babba a ciki shine tsawo. Mutum yana so ya miƙe tsaye cikin rumfa ya zaga, sai ya ɗaga ta mita biyu da rabi. Kai malam, ba falo kake ginawa ba. Duk tsawon da ka ƙara iska ka buɗewa ƙofa, kuma inuwar ma guduwa take yi, don rana tana ɗan karkata za ka ga inuwarka ta koma can gefe kai kuma kana zaune a rana ƙarƙashin rumfarka. Ka duba tantin Buzaye na yankin duwatsun Ayar wanda mata ke kafawa da tabarmin kaba, a duƙe ake shiga, bayansa a zagaye yake iska na bi ta kai ta wuce. Dabarar wanda ya gaji zama a wurin nan daga kakanni kenan. Idan kana iya zama daram kanka bai taɓa rufi ba, da ɗan sarari kamar kamu biyu a sama, ya isa. Gefen da iska ke zuwa ka sauke shi har ƙasa ka danne da yashi, ɗaya gefen ka ɗaga, ya zamana rufin a karkace yake ba a shimfiɗe ba.

Mutane suna raina ƙarfin iska saboda basu taɓa lissafa shi ba. Iska mai gudun kilomita 50 a awa, wadda ba wani abin mamaki bace a Tenere lokacin hunturu, tana tura duk murabba'in mita ɗaya da nauyin kusan kilo 12 idan ta same shi gaba da gaba. Tamfol mai mita 4 da mita 5 murabba'i 20 kenan, kaga ya haura kilo 200, buhun siminti huɗu da ɗoriya, kuma kai ka ɗaure shi da igiyar shanya. Abin haushin ma idan gudun iskar ya ninka biyu ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Shi yasa ƙaramin tamfol biyu sun fi ƙato guda ɗaya, kuma idan ka ga sama ta yi ja daga nesa kada ka tsaya ƙara igiya, kwantar da sandunan kawai ka bar rumfar ta kwanta a kan kaya ka danne ta, in ta wuce ka tayar.

Sai maganar inda za ka juya baya. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska daga arewa maso gabas take zuwa, wannan kusan kullum ne. Da damina kuma, kamar masu zuwa Ingal bikin gishiri a watan Satumba, hadari daga gabas yake tasowa da ƙura a gabansa. Kenan ko ta ina ka duba gabas ce ya kamata ka baiwa baya. Amma fa akwai cikas, in ka buɗe yamma gaba ɗaya ranar la'asar za ta shigo maka har ƙurya, kuma ita ce mai cin rai don lokacin ƙasa ta gama ɗaukar zafi. Maganinta wani zani ko tabarma da za ka rataya ta yamma daga ƙarfe biyu, da magariba ka cire. Kuma rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba, a Agadas cikin Disamba da tsakar rana ta kudu take karkata sosai inuwa ta faɗi arewa, amma a Mayu zuwa Yuli tana bisa kai har ta ɗan leƙa ta arewa. Kafin ka buga turke ko ɗaya ka kafa sanda ka ga inda inuwarta take, ka kuma dubi yadda iska ta zana rairayi, minti biyu ne.

Yanzu turaku, nan ne zan daɗe don nan kowa ke faɗuwa. Waɗannan 'yan siraran ƙarafa da ke zuwa cikin jakar tanti, na ƙasa mai ciyawa ne, a rairayi da yatsa biyu za ka zare su. A inda ƙasa ke da tauri ko tsakuwa rodi ake so, mai kauri milimita 12, tsawon santimita 60 ko fiye, ka sa mai walda ya lanƙwasa maka kansa kamar ƙugiya tun a gari. Ka buga shi a karkace kansa yana kallon nesa da rumfar, in ka buga shi yana kallon rumfa ja ɗaya igiya za ta zare shi. Kuma don Allah ka kifa masa gwangwani ko gorar ruwa da aka yanke a kai, wlh na ga ƙaurin mutum da rodi ya tsaga da daddare ya fita fitsari, ga asibiti kwana biyu a mota.

A rairayi mai laushi kuwa ko rodin ba zai riƙe ba, binnewa ake yi. Ka samu buhun shinkafa ko na siminti wanda babu komai, ka cika shi rabi da yashi, ka ɗaure igiya a tsakiyarsa, ka haƙa rami kamar zuwa gwiwa ka jefa shi ka mayar da yashi ka tattake. In babu buhu guntun itace ma yana yi, a kwance za ka binne shi igiyar a tsakiya. Kuskuren da ake yi a nan shine a haƙa ramin dab da sanda, sai igiyar ta miƙe tsaye tana jan buhun sama. Ka ja da baya, nisan ramin daga gindin sanda ya kai tsawon sandar ko ya fi. Tayar safaya ma anga ce mai kyau, jarkar ruwa mai lita 20 ita ma haka, sai dai ka tuna ruwan sha kuke yi, jarkar da ta riƙe rumfa ranar Litinin zuwa Laraba ta zama fanko. Su kansu sandunan nutsewa suke cikin yashi a hankali rumfar ta saki, sai ka sa musu guntun katako ko tsohon silifa a ƙasa.

Mota kuma tana taimako sosai in ka ajiye ta ta gefen iska ta zama katanga. Amma a ƙafar mota ko ƙarfen kariya na sama ake ɗaure igiya, banda madubi banda hannun ƙofa. Kuma ka sani duk wanda ya ɗaura rumfarsa a mota ya ɗaure motar, in an tashi neman ruwa sai an warware komai.

Shi kansa tamfol ɗin akwai magana. Shuɗin nan mai arha na leda, rana tana ratsa shi, ya ɗau zafi ya dinga sauke maka shi a ka, za ka zauna a inuwa amma gumi na zuba kamar kana gidan burodi. Ga ƙara, duk dare fat fat fat babu mai barci. Baƙi ya fi shi tare haske amma shima yana ɗaukar zafi. Abinda ya fi aiki shine rufi biyu, na sama mai haske ko fari, na ƙasa bargo ko tabarma ko zanin gado mai kauri, da sarari kamar tafin hannu biyu a tsakaninsu iska na wucewa. Na saman ya sha ranar, na ƙasan ya tare maka hucinsa. Bambancin ba kaɗan bane, ka gwada sau ɗaya ba za ka koma rufi ɗaya ba. In ka samu ragar inuwa irin ta masu lambu da masu renon itatuwa, wadda ke tare kashi 80 ko 90 na rana, ita ce ta fi dacewa a sama don iska na bi ta cikinta bata cika ta. Tabarmar kaba ma haka take numfashi, nauyi ne kawai matsalarta a tafiya.

Kada ka yarda da zobban ƙarfen da ke bakin tamfol, su ne farkon yagewa. Ka ɗauki dutse mai santsi kamar ƙwan kaza ka sa ta ciki, ka tattaro tamfol ɗin a kansa ka shaƙe wuyan da igiya, wannan ƙullin ya fi zobe riƙo nesa ba kusa ba kuma ko ina kake so za ka iya yinsa. Sannan tsakanin igiya da turke ka sa robar taya irin ta masu ɗaure kaya a babur, ita ke shanye fizgar iska. Igiyar da aka ɗaure tamau babu inda za ta motsa, ko ta tsinke ko ta yaga tamfol.

Wasu suna zuwa da fayif ɗin roba na ruwa wai ya fi sauƙin ɗauka. Da safe lafiya lau, zuwa azahar ya yi laushi ya lanƙwashe kamar taliya. Gora ko fayif na ƙarfe ko sandar itace mai gwafa ka taho da su daga gari, kada ka ce za ka sara a hanya. Tenere ce fa, inda itace guda ɗaya tak ya yi suna a duniya saboda babu wani kusa da shi, shima wani direba ya buge shi a 1973, yanzu gangar jikinsa tana gidan tarihi a Yamai an kafa na ƙarfe a wurin. In ma ka samu tumfafiya a bakin kori, wato busasshen rafi, ka kula da ruwanta, in ya shiga ido bala'i ne.

Wani kuskuren shine toshe ko ina saboda ƙura. Ka rufe gefe huɗu ka zama kana cikin tanda, gefe biyu dole su zauna a buɗe da rana. Da dare a Disamba da Janairu kuwa sanyi na sauka har kusa da sifiri wajen Bilma, sai mutane su rufe ruf su shigo da murhun shayi ciki da gawayinsa. Wannan yana kisa, iskar da gawayi ke fitarwa bata da wari bata da launi, barci kawai za ka ji daga nan shikenan. A dafa shayi a waje, in an gama a binne garwashin.

Ƙasan rumfa ma ana mantawa da shi. Rairayin da ya sha rana yana iya wuce digiri 70, in ka kafa rumfa da azahar ka shimfiɗa tabarma a kai daga ƙasa za ka gasu. Ka share na saman da ƙafa ko faranti kamar zurfin tafin hannu, na ƙasa ya fi sanyi sosai. Mafi kyau dai a gama kafawa kafin ƙarfe tara, don aikin haƙa rami huɗu a ranar bazara ruwan da zai ci maka ya fi wanda inuwar za ta cece maka.

Wurin kafawa kuwa, kori yana ruɗar mutane, yashi mai laushi ga 'yan itatuwa ga inuwa. Da damina kada ka kwana a ciki ko sama tas take, ruwa na iya sauka kan duwatsun Ayar inda baka gani ba ya iso maka cikin dare. Mutanen Agadas basu manta farkon Satumban 2009 ba da korin Telwa ya shigo gari ya rushe gidaje. Gindin tudun rairayi ta gefen da yake zubowa shima a'a, da safe za ka tarar rabin kayanka a binne. Kada ka kafa kan sawun motoci don manyan motoci da dare suke tafiya, kuma ka ja nesa da rijiya, wurin masu dabbobi ne ga kaska. Gindin itace mai ƙaya inda raƙuma ke kwanciya shima kaskar ce.

Inuwar da ka yi ba kai kaɗai ke sonta ba, kunama ma tana nema. Kaya a ɗora kan jarka ko a rataye jikin sanda, takalmi a kakkaɓe kafin a sa ƙafa, in za a naɗe tabarma da safe a ɗaga ta da sanda tukuna. Ranar tashi kuma ka tono buhunanka ka zazzage ka tafi da su, rodin ma ka ƙirga su kafin a loda, in guda takwas ka buga takwas za ka zare, don wanda ka bari a yashi tayar wani ce ko ƙafar raƙumin wani.