Wainar Ƙwai da Cuku: Shawara ga 'Yan Jos Sababbin Zuwa Ingila

Ɗalibai da ma'aikatan da ke barin Jos zuwa Ingila sukan tarar a makonnin farko cewa abincin waje yana da tsada, kuma babu mai shayi a bakin titi da zai soya musu ƙwai da asuba. Saboda haka nake ba ku shawara, 'yan'uwa, ku fara da koyon wainar ƙwai da cuku, domin kayanta suna cikin kowane kanti, tana ƙosarwa, kuma tana nuna cikin mintuna kaɗan kafin a fita aiki ko makaranta.

A kantunan Ingila za ku ga ƙwai a kan kanta cikin kwali na 6 ko 12, ba a firiji ba, amma in kun kawo gida gara ku sa shi a firiji. Yawancinsa yana ɗauke da jan tambarin zaki a kan ɓawo, wanda ke nuna an yi wa kajin rigakafin ƙwayar cutar salmonela. Wanda ya nufi Amurka kuwa ya sani cewa can ana wanke ƙwai kafin a sayar, don haka dole ya zauna cikin sanyi tun daga kanti.

Cuku ne ke buƙatar natsuwa wajen saye. Ana daskarar da madara ne da wani sinadari, wanda a al'ada ake samo shi daga tumbin ɗan maraƙi, kuma ba a faɗin yadda aka yanka dabbar. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, amma mai son kuɓuta daga shakka ya duba bayan leda, ya nemi bayanin cewa cukun ya dace da waɗanda ba sa cin nama, wanda sau da yawa ake nunawa da harafin V. Mafi yawan cukun Cheddar na manyan kantuna yana da wannan bayani, kuma shi ya fi dacewa da waina domin yana narkewa da kyau. Cukun Parmesan na asali, wanda ake yi a Italiya, da sinadarin maraƙi ake yin sa kullum. A ganina sabon zuwa ya fara da Cheddar mai sauƙin ɗanɗano, domin wanda ya daɗe a ajiye yana da ƙarfi da wari da kan sa wasu su ƙi cuku gaba ɗaya.

A fasa ƙwai 2 ko 3 a kaɗa su da gishiri kaɗan ƙwarai, domin cuku da gishirinsa yake zuwa, kuma ba a buƙatar dunƙulen magi. Mai son albasa, tumatir da attaruhu ya soya su daban tukuna har ruwansu ya tsotse, in ba haka ba wainar za ta jiƙe ta farfashe. Attaruhu irin na kasuwar Farin Gada ana samunsa a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya.

Wajen wuta ne aka fi kuskure. Mun saba da mai da yawa da wuta mai ƙarfi, amma wannan waina wuta matsakaiciya take so da bota cokali ɗaya a kasko marar kamu. Gidajen haya da ɗakunan ɗalibai da dama murhun lantarki ne da su, wanda sau da yawa ba ya hucewa nan take in an rage shi, saboda haka idan ya yi zafi sai a ɗaga kaskon gefe. A zuba ƙwan, a riƙa jan gefensa zuwa tsakiya da cokalin katako, domin na ƙarfe yana kankare kaskon. Idan ƙasan ya kama, saman kuma da sauran danshi, a barbaɗa gogaggen cuku kamar tafin hannu ɗaya a rabi guda, a naɗe ɗaya rabin a kansa, a kashe wuta, a bar shi rabin minti ya narke.

A kula kada botar ta ƙone, domin hayaƙi yana tayar da ƙararrawar gobara, a ɗakunan ɗalibai kuma hakan kan sa a fitar da kowa waje cikin sanyi. A kunna na'urar zuƙe hayaƙi da ke saman murhu kafin a ɗora kasko. Idan kuma a gidan abinci kuka yi odar wainar, ku tambayi abin da ke ciki, domin sau da yawa ana haɗa cuku da yankakken naman alade.