Ku sauya burauzar da ta zo da waya

Jama'a, ba dole ba ne ku zauna da burauzar da kuka tarar a waya, wato manhajar buɗe shafukan intanet. A Android ku shiga saitin, ku nemi Default apps, ku zaɓi wadda ta yi muku.

A Tarayyar Turai doka ce ta tilasta. Tun Maris 2024 Apple da Google ke jera wa mutum burauzoji ya zaɓa da kansa. Mu nan ba mai tambayarmu, sai mun nema.

Ni Opera Mini nake karanta labarai da ita. Tana matse shafi tun kafin ya iso wayarku, data ta daɗe ba ta ƙare ba.

Amma banki ko cike fom, ku kashe matsewar ko ku koma Firefox ko Chrome. Matsattsen shafi wani lokaci maɓallinsa ba ya dannuwa.